Ranar da Inna ta hana ƙaho

Da aka sallamo Baba bayan aikin zuciya, gidanmu na Bodinga ya cika da 'yan dubiya, kowa da maganin da ya sani. Ni da Inna muka yi jinyarsa, kuma a gabanmu likita ya yi kashedi. Ya ce allurar tsinka jinin da ake yi wa Baba takan juya wa wasu bayan irin wannan aiki: ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su ragu, jinin kuma ya riƙa gudaji a jijiya. In ƙafa ta kumbura ko ta yi sanyi, a kawo shi nan take.

Ba a jima ba ƙafar hagu ta kumbura, yatsun suka yi duhu. Baffa, yayan Baba, ya zo daga Shagari, ya latsa ta sau ɗaya ya gama bincike: mataccen jini ne. Kafin la'asar ya kawo wanzami. A danginmu ko ciwon kai ƙaho ake yi masa, kuma in Baffa ya yanke magana ta yanku.

Ni 'ya ce, ba ni da baki a gabansa. Inna kuwa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Amma wanzami na fiddo aska sai ta taso daga bakin murhu, ta zauna a tabarma, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta rufe da mayafi.

"Yaya, Allah shi ba ka haƙuri," in ji ta. "Wagga ƙahwa ba a tsaga ta. In jini ya ɓalle, wa ka tsai da shi? Asibiti za mu."

"Ke! Da ni kika magana?"

"Da kai nika, Yaya."

Ta ƙara rufe ƙafar, ko gezau. Ban taɓa alfahari da mutum kamar yadda na yi da ita a lokacin ba. Na fita da gudu na tsaido mota.

A Sakkwato gwaji ya nuna gudaji ya toshe jijiya, ƙwayoyin sun yi ƙasa sosai. Aka sauya magani. Ƙaramin yatsa kawai aka cire. Likita ya ce da an kwana, sai dai a yanke daga gwiwa.

Da muka dawo, Inna ta je ta durƙusa gaban Baffa za ta nemi gafara. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki. Baffa ya riga ni.

"Tashi," ya ce, idonsa na kan ƙafar ƙanensa. "Ni ad da neman gahwara."