Kaka Ya Ce

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, a shagon mamak, wato gidan shayi da abinci irin na ƙasar da muka je karatu, da ke bayan jami'armu a titin Jalan Semarak, inda muka saba shan shayi. Mu uku ne a tebur: ni, da wani Bakano mai karatun injiniya, da maƙwabcina mutumin Gana, wanda ƙofarsa ke kallon tawa a benen da muke haya. Dukanmu digiri na uku muke yi, amma shi ya fi kusa da gamawa. Babi ɗaya ya rage masa, sai ya kare aikin a gaban malamai.

Ran nan bai taɓa shayinsa ba. Can ya ce mana kawunsa ya tafi ƙauye.

Bakanon ya ce Allah ya dawo da shi lafiya, ya ci gaba da yagar gurasarsa. Sai maƙwabcin nawa ya rage murya ya yi mana bayani. Kawun nasa sarkin wani ƙaramin gari ne a ƙasar Bono, can Gana, kuma a wajensu ba a faɗin rasuwar sarki da sunanta. Cewa ake ya tafi ƙauye, har sai ranar da manya suka ga damar sanarwa. Ni da na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo, inda aka koya mini in faɗi wane ne, me ya same shi, yaushe, sai kawai na ce masa Allah ya ba da haƙuri.

Ya ce a Bono ɗa ba ya gadon kujerar ubansa. Ɗan 'yar'uwa ke gado, domin ta wajen uwa sarauta ke bi. Kaka ne ke fid da suna ya miƙa wa dattawa, kuma Kaka ya ce shi yake so, ya dawo gida maza.

Bakanon ya ajiye kofi ya ce, "Wato duk kwanakin nan da yarima nake rabon kuɗin tasi? Ku Tonawa kun iya ɓoye abu."

Maƙwabcina ya ce, "Na sha gaya maka ni ba Batone ba ne, Tonawa wata ƙabila ce daban a Gana. Mu Bono muna auna zinariya tun Tonawa ba su san hanyar kasuwa ba."

Ya ɗan yi dariya, ta ɗauke nan da nan. Idan ya tashi yanzu, karatun ya tafi ke nan, domin tallafin da ke riƙe da shi ba zai jira ba. Idan ya ce ba zai zo ba, sunan zai koma wani ɗakin na gidan sarautar, kuma mahaifiyarsa, wadda ɗakinsu ya daɗe yana jiran wannan layi, ita za ta zauna da abin a cikin gari. Ya ce ba zai saki ko ɗaya ba. Lokaci kawai yake so ya roƙa.

Abin da yake nema a wurina shi ne in zama bakinsa. A al'adarsu ba a yi wa Kaka magana kai tsaye a zaman fada. Kowane ɓangare yana da mai magana da yawunsa, okiyame suke ce masa, wanda zai karɓi zance ya gyara shi ya miƙa. Roƙon da ka yi da bakinka, in an ƙi, an ƙi ke nan. Wanda ya bi ta bakin wani kuwa ana iya sake masa hanya. Ba zai nemi 'yan Gana da ke nan ba, tunda ba a sanar ba tukuna. Okiyamen fadar kuma tsohon ɗan kasuwar goro ne, yana jin Hausa. Shi ma maƙwabcin nawa a gefen zangon Techiman ya tashi, can ya tsinci Hausarsa, mai sauri, wadda ba ruwanta da wasu ƙa'idojin da editanmu zai dakatar da shiri a kansu. Na daɗe da daina jin kurakuran, na saba.

Na tambaye shi wane irin mutum ne Kaka. Ya ce tsoho ne ƙwarai, ba ya son doguwar magana, ya san haihuwar kowa a gidan sarauta, kuma shi ya goye shi yana jariri. Na ɗauki goyon a matsayin riƙo. A raina na zana wani dattijo irin masu zaɓen sarki na wajenmu, Madaki ko Galadima, na fara shirya masa jawabi.

Washegari bayan sallar Juma'a muka tafi Jalan Tuanku Abdul Rahman neman baƙin yadi, domin ba zai bayyana gaban manya da riga da wando ba. Da muka faɗi tsawon da muke so, mai shagon ya ce boleh, boleh, wato za a samu, sannan ya tambaya taga nawa ce a gidan. Ya zaci labule za mu yi. A gida maƙwabcina ya yafa yadin, ya jefa shi ta kafaɗar hagu, ta dama a buɗe. Bakanon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, Umara za ka da baƙin harami?" Bai kula shi ba. Ya yi ta gwada yadda zai sauke yadin daga kafaɗa zuwa ƙirji, ya zare ƙafa daga takalmi, domin haka ake tsayawa gaban na gaba. Yadin na zamewa, yana sake ɗaurawa, har hannunsa ya tuna.

Ni kuma na haddace jawabina. Na zuba kirari irin na maza, na kawo amfanin da gari zai samu idan sarkinsa dakta ne: hanya, asibiti, shiga ofisoshin gwamnati ba tare da tafinta ba. Na kewaye maganar rasuwa har ba inda ta leƙo. Da na karanta masa, ya ce Hausar ta yi masa zurfi, amma tana da daɗin ji.

Asabar da ƙarfe biyar na yamma, safiya ke nan a Gana, muka jingina kwamfuta a kan teburin falonsa. Bakanon ya zauna gefe yana lura da intanet. Hoto ya buɗe a kan wani tsakar gida. Maza zaune cikin baƙaƙen mayafai da jajaye masu duhu. A tsakiya wani dattijo dogo yana tsaye, riƙe da sanda mai kan zinariya. Kusa da shi wata 'yar tsohuwa tana zaune a kan gajeriyar kujerar itace, gashinta a aske ƙasa-ƙasa an shafe shi da baƙi. Na ɗauka cikin masu hidimar gida take.

Na fuskanci mai sandar na ce, "Ranka ya daɗe, Kaka. Allah ya ja zamanin toron giwa."

Dattijon ya dube ni, ya dubi sandarsa, ya yi dariya har kafaɗarsa na rawa. Ya ce, "Malam, ni ɗan aike ne kamar kai. Ga Kaka nan, shi ne yana zaune." Ya nuna tsohuwar.

Na juya. Maƙwabcina ya riga ya sauke yadinsa zuwa ƙirji, ƙafafunsa a kan takalma, ya sunkuyar da kai wajen matar. A nan na tuna abin da na daina ji: a Hausar zangon Gana babu kalmar "ta", babu "ita". Uwa ya ce, mata ya zo, kowa shi ne. Kalmar kaka kuma ba ta nuna mace ko namiji. Kwana biyu yana ba ni labarin uwar sarauta, ƙanwar kakarsa ta wajen uwa, ina jin labarin Galadima. Goyon ma na zani ne.

Jawabina bai da sauran amfani. Wadda ta goyi mutum ba a sayar mata da shi da hanya da asibiti. Na sunkuya na tambaye shi a kunne me yake so a gaya mata. Ya raɗa mini 'yan kalmomi. Na miƙe na ce wa okiyamen ya isar wa Kaka, ranta ya daɗe, cewa ɗan da ta goya ya ji kira, bai ce a'a ba, ba zai kuma ce ba. Ya ɗauko wani kaya ne ya kusa kai shi inda za a sauke, yana roƙo a bar shi ya sauke, ya zo mata hannu biyu.

Okiyamen ya juya maganar da Bono, ta fi tawa tsawo nesa ba kusa ba. Dattawan suka yi gunaguni. Wani daga baya ya ɗaga murya, ko ba tafinta na san ba goyon baya yake ba. Tsohuwar ba ta dube shi ba. Ta matso da fuskarta kusa da wayar da aka riƙe mata, ta daɗe tana kallon jikan nata, sannan ta yi magana gajeriya.

Okiyamen ya ce, "Kaka ya ce, wannan karatu yana da ƙarshe? Tun yana yaro ake cewa ya kusa gamawa."

Bakanon ya toshe baki. Maƙwabcina ya raɗa mini, na faɗa: yana da ƙarshe, kuma wannan ne na ƙarshen.

Ta sake magana. Okiyamen ya ce al'ada ta ba Kaka damar fid da suna sau uku, kuma ba ta son ɓata na farko. Za ta riƙe sunan a bakinta har a yi bikin cin sabuwar doya. Idan an ci doya bai taka garin ba, za ta kira wani, kuma kada uwarsa ta zo mata da kuka. Daga nan ta ɗaga hannu, aka kashe waya.

Maƙwabcina ya mayar da yadin kafaɗa, ya zauna, ya tambaye mu watannin da suka rage kafin doya ta nuna. Ba su da yawa.

Daga ranar ya daina zuwa mamak. Da asuba nake jin ƙofarsa, ya bi motar farko zuwa ɗakin bincike. Matata takan zuba masa abinci a kula in rataye masa a ƙofa, wani lokaci in tarar da ta jiya ba a taɓa ba. Malamin da ke duba aikinsa ya ce babin ba zai yiwu cikin wannan lokaci ba. Maƙwabcin nawa ya kai masa shi kafin lokacin, aka dawo da shi da jan biro, ya sake kaiwa. Ya bi ofis-ofis yana neman a sa masa ranar kare aiki, ana ce masa ya dawo mako mai zuwa, yana dawowa washegari. Bai gaya wa kowa a jami'ar dalili ba. Baƙin yadin yana ninke a kan akwatinsa, inda zai gan shi kullum.

Ya kare aikin ana saura kwanaki a ci doya. An ba shi ƙananan gyare-gyare, ya tafi da su a jaka, ya ƙarasa su a can. Bai dawo bikin yaye ɗalibai ba. Ni na karɓi takardar shaidarsa na aika masa. Dattawa sun karɓi sunan da aka fara kira, wato nasa. Idan na buga waya yanzu a lokacin zaman fada, dattijon nan mai sanda ke ɗauka, in faɗi saƙona ya juya ya isar. A harshensu kalma ɗaya ce ta kaka da sarki da uwar sarauta, don haka maƙwabcina shi ma Kaka ake ce masa.