Waƙar da Na Yi wa Mai Rabon Ruwa

Da ana iya mayar da waƙa cikin baki bayan ta fita, da tuni na haɗiye wadda na yi wa taubashina. A lokacin shi ke rabon ruwa a lambunanmu na albasa, can wajen Dogarawa. Manoma ne suka zaɓe shi. Makullin ƙofar kanal, wato babbar hanyar ruwan, yana rataye a wuyansa, shi ke buɗewa, shi ke rufewa, kowa da ranarsa.

Lambuna yana can ƙarshen layi, kafin ruwa ya iso ni ya gaji. Sau biyu ranata ta wuce albasata ba ta sha ba, ganye ya fara kwanciya. Na tare shi a hanya.

"Kai bawana, mi na yi maka?"

"Wa ab bawanka? Yi haƙuri, ruwan ne babu."

Ban yarda ba. Na ƙulla shi a raina.

Ana haka Ashura ta zo. Wani direban babbar mota, Kirista, mutumin Kudu, da ke zuwa ɗaukar albasa, ya tambaye ni dalilin azuminmu. Na ce godiya ce ga Allah da Ya tserar da Annabi Musa da Bani Isra'ila daga Fir'auna. Ya ce su ma suna da labarin a littafinsu. Wai da mutanen suka haye teku, suka ga dawakin Fir'auna sun nutse, sai suka tsaya a gaɓa suka rera waƙar yabon Allah, mata na kaɗa ganguna. Karatuna aji uku ne na lakwal, wato boko, da ɗan na allo, amma wannan magana ta zauna mini daram.

Mako bai cika ba, taubashina na tafe bisa moto, wato babur, a bakin kanal, sai akuya ta gitta masa. Ya kauce mata, shi da moton suka zunduma cikin ruwa. Ruwan iyakar gwiwa ne, ko ƙwarzane bai yi ba. Ni kuwa ina tsaye a gaɓa, sai na ji ni ne Bani Isra'ila gaba ɗaya. Na ɗaga hannu sama na fara:

"Mun gode Allah, Fir'auna ya sha ruwa,
Moto a ƙasa, hula na iyo."

Matan da ke tsintar albasa a rumfa suka karɓa, suna kaɗa kwanoni. Na ƙara baiti kan wandonsa, na ƙara biyu kan jaruntar akuya. Kafin ranar kasuwa waƙar ta kai Malbaza a bakin fasinjoji.

Taubashina ya zo taron manoma, ya cire makulli daga wuya ya ajiye bisa tabarma. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "To, tunda kai Allah Ya tserar, ɗauki ka raba muna."

Na ɗauka da murna. Cikin kwana goma na gane ruwan ba ya isar kowa. Na kuma ga lambun taubashina, wanda ke bakin ƙofa, ya fi nawa bushewa. Ashe ranarsa yake bari ta wuce don mu na ƙarshen layi mu ɗan samu. Dole ni ma na tsallake ranar wasu. Rannan ina wucewa ta rumfa sai na ji kwanoni. Waƙata ce. Da yake ba ni da moto, jaki kawai suka sa a wurin.

Na kai ƙara wurin malamin garinmu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Waɗancan bayi ne, ana yanka musu ƴaƴa maza. Kai albasarka ta yi ƙishirwar kwana biyu. Su Allah suka yaba. Kai baiti guda ka ba Allah, biyu ka ba akuya."

Na tafi gidan taubashina da makulli a hannu, na durƙusa. Ya yi dariya har da tari.

"Na yahe maka, bawana. Amma riƙe makullinka."

Shekara shida na riƙe shi. Wannan hukunci ne da na cancanta, ba shi ke damuna ba. Abin da ke damuna shi ne sunan bai sake shi ba. Yau gemunsa fari fat, yana sahun gaba a masallaci, amma in baƙo ya nemi gidansa, ana ce masa, "Gidan Fir'auna? Ga shi can." Jikokinsa ma da shi ake kiransu. Na bi gida gida ina cewa ƙarya na yi, mutane na dariya suna roƙon in tuna musu baitin wando.

Ku da kuka karanta, in wanda kuke jin haushi ya faɗi, ku miƙa masa hannu, ku bar waƙa. In kuma hanya ta kawo ku garinmu, don Allah ku kira taubashina da sunansa na yanka.