Malam Habu da Tulun da Aka Hana Shi Taɓawa

Duk wanda ya zauna da Malam Habu a unguwar Jalan Semarak, can ƙasar waje inda muka je karatu, ya san ba a miƙa masa abu ya bar shi haka. Ko kofin shayi ne, sai ya shanye, ya kifa shi, ya duba gindin, ya zura yatsa ciki. Jikan masu sassaƙa turmi ne daga Bichi, ya zo digiri na uku, gidanmu ɗaya. Maganarsa kullum ita ce, "Hannu ne ya yi, hannu zai yi."

Wata Asabar ruwa ya kora mu shagon kayan tarihi na wani tsoho ɗan Caina, Ankul Tan, a unguwar Bukit Bintang. Nan Malam ya ga wani ɗan tulu na koren dutsen da ake kira jed, a kulle cikin gilashi. Tsohon ya ce tun zamanin sarakunansu aka sassaƙa shi, kuma masu yin sun kwaikwayi tukwanen tagulla ne na kakannin kakanninsu.

"Wato shi ma kwaikwayo ne?" in ji Malam. "To a ba ni in ji yadda aka rarake cikinsa."

"Tak boleh lah," in ji tsohon, wato ba zai yiwu ba. "Sai wanda ya san wahalar dutse."

Da ya san wa ya gaya wa, da ya yi shiru. Mu ya jawo wa.

Da sabulu Malam ya fara koyon sassaƙa tulun. Na shiga wanka na nemi nawa na rasa.

"Malam, ina sabuluna?"

"Saura kunne ɗaya. Yi haƙuri da wankan zuwa gobe, ai ba biki za ka ba."

Daga baya ya gano jed ba ya jin wuƙa, da jiƙaƙƙen yashi ake gurza shi. Ya tsinto dutse a lambun Titiwangsa, ya cika jakar littattafansa da yashi, banɗakinmu ya zama maƙera. Magudana ta toshe, mai gida ya zo yana faɗa, Malam ya riƙe shi yana nuna masa bakin tulu har ya manta abin da ya kawo shi. Malaminsa na jami'a ya nemi babi na uku na kundin digirinsa.

"Yana kan layi, sir, amma dutse ya riga shi zuwa," in ji Malam.

Sai dab da komawarmu gida ya gama. Wallahi abin ya karkace, kunne ɗaya ya fi ɗaya, ni kunya nake ji ina binsa shagon. Ankul Tan ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya kama hannun Malam ya duba yatsun da yashi ya cinye. Sai ya ɗauko makulli ya buɗe gilashin.

Malam ya zura yatsa cikin tulun jed, ya rufe ido. 

"Ashe mai sassaƙar ma can ƙasa hannunsa ya goce," ya ce. "Bawan Allah, ka sha wuya."

Muka fashe da dariya, shi kuwa hawaye yake sharewa da gefen hula. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ranar.

Bai shekara da komawa Bichi ba Allah ya karɓi abinsa. Har yau ina kewarsa. Allah ya jiƙan Malam Habu, ya yafe masa inda hannu ya goce, ya sa ya huta. Amin.