Sista Debora, Wadda Ta Ƙi Barin Bakin Ruwa

Kafin masunta su dawo daga ɗaga koma, Sista Debora Bitrus ta share ƙofar asibiti, ta ɗora ruwan zafi a gawayi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka a wani ƙauyen Ngaski da ke bakin tafkin Kainji. Ita ce ungozoma, ita ce mai allura, sau da yawa ita ce likita.

Ma'aikatan jinya bakwai ta horar da hannunta. Shida suna Saudiyya da Ingila. Ita ma takardar tafiya ta zo mata sau biyu, ta ninke ta ajiye.

Ta bakwai ita ce Yasira, wadda kowa ya ɗauka za ta gaje ta. Bara da damina aka kawo matar wani makiyayi a kwalekwale, ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Ba jinin da za a ƙara mata, ba motar asibiti. Sista da Yasira suka riƙe ta a bayan motar kifi suka nufi Yelwa. Ba su kai ba.

Bayan sati uku Yasira ta shigo da takardar tafiya, tana neman sa hannu.

"Inna, ki yafe mini. Ba albashi kaɗai ya kore ni ba. Na gaji da rufe idon mutanen da na san maganinsu."

Sista ta sa hannu. "Je ki, ɗiyata. Ban ga laifinki ba."

Masu jiran awo sun ce ranar sai da ta daɗe a ɗakin magani kafin ta fito, idonta jawur, ta kira ta gaba.

Sista, ke ce kika tsaya. Ke ce uwar 'ya'yan masunta da na makiyaya, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci. Mun gode, Allah ya saka miki.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ba a turo kowa ba. Masu iko, ku kawo jini da mota da wuta, 'ya'yanmu za su zauna. Masu tasowa, ku dube ta.

Na tambaye ta wa za ta miƙa wa makulli. Ta ce, "Akwai mata tara da za su haihu kafin kaka. Zan riƙa zuwa."