Fuskar Nafi'u a Bayan Ƙwarya

Shekara shida ke nan. Ina noman dawa, ko gwiwa ba ta kai ba, sai maƙwabcinmu Malam Idi ya tsaya a bakin gona ya ce, "Sale, ajiye fartanyar." Ƙanena Nafi'u ne babur ya faɗi da shi a hanyar Ɗambatta. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

A garinmu an san shi da son finafinan yanka, irin masu arahar nan da wani mai rufaffiyar fuska ke bin mutane da wuƙa. Shi da abokansa 'yan kaɗan ne ke cika bencin gaba a gidan kallo, suna ihu, "Kar ki shiga ɗakin nan!" alhali sun san za ta shiga. Baba yakan ce masa, "Kai da ko kaza ba ka iya yankawa?" Gaskiya ne, ni nake yanka masa. Shi kuwa cewa yake yi abin da ke burge shi, kana ganin jinin ka san haɗawa aka yi, ka san kai ma za ka iya.

Ya kuwa gwada haɗa nasa fim ɗin. Ya dafa zoɓo da sitaci ya zama jini, ya huda ƙwarya ido biyu ya rufe fuska, ya ari addata, abokinsa Bala ya riƙe waya. Ba ya ɗauka sai dawa ta wuce tsayin mutum, don a cikinta makashin ke ɓuya. A shekarar da ta gabaci rasuwarsa ruwa ya ɗauke da wuri, aka yi girbi, saura fitowa ɗaya, inda za a cire wa makashin ƙwarya a ga ko wane ne. Ya ce sai baɗi.

Yanzu ƙwallo kaɗai ake nunawa a gidan kallon, matasa kowa na kallon abin tsoronsa a waya shi kaɗai. Ina jin da yana nan zai ce tsoron da babu wanda za ka yi wa dariya ba shi da daɗi.

'Yarsa Ummi tana goye ya rasu. Hotonsa muna da shi, amma motsinsa a fim ɗin nan kawai yake. Bana ta matsa, na nuna mata wuraren da babu jini. Ta ga mutum na ratsa dawa yana jan ƙafar hagu, kamar yadda take yi.

Ta ce, "Baffa, ka kai inda zai buɗe fuskar."

Na ce mata ba a ɗauki wurin ba. Ta ce to yaushe.

Allah ya jiƙan Nafi'u. Ƙwaryar tana rataye a ɗakin Inna, dawa ta sake wuce tsayin mutum, kuma har yau ban ba Ummi amsa ba.