Man Shanu a Jan Moton Tahiru

Duk wanda ya zauna Filinge a shekarun nan ya san jan moton Tahiru, ko da bai san Tahiru ba. Ƙaton babur ne irin na tsere, an yi shi don kwalta mai santsi. Wani Bature mai aikin rijiyoyi ya bar masa da zai koma gida, tun lokacin ma ya tsufa. A rairayin Kurfai tafiya yake kamar sa mai ciwon ƙafa. Amma shi ke nan abin da Tahiru yake da shi. Malamin dabbobi ne, motar ma'aikatarsu kuma ta daɗe a kan duwatsu babu taya.

Ni nake duba masa moton a rumfata ta bakin tasha, shi ya sa na san halinsa. Sauran baburan gari ambirayaj ɗinsu, wato kuloci, waya ce: ka matse hannun hagu, waya ta ja, inji ya saki ƙafa, ka sa giya. In ta tsinke a daji sai ka ƙulla. Na Tahiru kuwa da man birki yake aiki. Akwai ɗan koko a hannun hagu, siririn tiyo ya sauko daga shi zuwa gefen inji, man ne ke yin turin. Robar ƙasa ta gaji, tana ɗiga, don haka kullum da safe sai ya buɗe kokon ya ƙara mai daga wata 'yar kwalba, ya matsa hannun sau da yawa. Kusoshin murfin sun ɓata da daɗewa, da tsinken robar taya yake ɗaure shi. Na ce masa a nemo sabuwar roba a Yamai. An nema. Wanda aka aika ya dawo ya ce masu kanti dariya suka yi.

Shekarar da sojoji suka dawo kan mulki, cikin sanyi, ciwon huhu ya shigo shanu ta wajen Baleyara. Maganin rigakafin ba ya rayuwa sai cikin ƙanƙara. Tahiru ya karɓi rabonsa, ya cika akwatin da ƙanƙarar da za ta kai shi azahar ta washegari, ya ɗaure a baya. Garke biyu ke jiransa. Na farko na Giɗaɗo ne, wani dattijon Bafillace. Na biyu na Asta ne, ƙanwar dattijon, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shanu goma sha tara, can bayan Bonkuku, tafiyar yini ga mai ƙafa. Garken da ke shan rijiya ɗaya da nata ya riga ya fara tari.

Tahiru Ba'are ne, Giɗaɗo Bafillace, ka san abokan wasa ne, tsakaninsu babu kunya. Tun daga nesa dattijon ya fara.

"Ga bawana ya zo bisa jan jakinai! Wanga abu ya ci hatsi kuwa? Kukan da shika yi, na yunwa na."

"Ya hi ka ƙoshi, Bahillace. Tara shanun, kar ka tsaya ƙirga su, na san ba ka wuce biyar."

Suka gama allura kafin faɗuwar rana. Tahiru ya duba kokon ya ga ya bushe ƙaf, ya ɗaga kwalbarsa ya ga saura kamar yatsa biyu. Ya yi tsaki, ya ce a bar shi sai da safe. Giɗaɗo yana tsaye yana kallo.

A rugar Giɗaɗo ba a ba baƙo ƙwarya sai an fara shayar da abin hawansa. Haka ya tarar ana yi. Raƙumi ne, doki ne, jaki ne, duk ɗaya.

Da asuba, bayan salla, Tahiru ya kama hannun ambirayaj. Ya ƙi motsi, kamar an dasa ice. Ya zaci rairayi ne ya shiga maɗaurin, ya hura, ya goge. Bai motsa ba. Ya bi tiyon da yatsa daga sama har ƙasa ko ya lanƙwashe. Lafiya lau. Ya kwance robar taya, ya ɗaga murfin.

Kokon cike yake har baki da wani abu rawaya, daskararre. Bai buƙaci ya taɓa ba. Ƙanshin ya isa.

"Ka gani?" in ji Giɗaɗo daga bayansa, yana murmushi. "Jiya na ga ƙwaryatai ta bushe, kai ko kana ta rowa da 'yar kwalba. Na narka mishi na saniyar da ta hi kowace mai. Har na matsa mishi hannu awa yadda kaka yi, ya shanye, na ƙara."

Tahiru mutum ne mai baki. Ya taɓa zagin rawanin Giɗaɗo a tsakiyar kasuwa har mutane suka riƙe ciki. Ranar nan sai ya daɗe yana kallon kokon.

"Madalla, Baffa," ya ce. "Sanyi ɗai ya kama shi. A ɗora muna ruwa."

Bai taɓa ce masa Baffa ba.

Aka kawo ruwan zafi. Ya kwashe na cikin kokon da tsinke, ya riƙa zuba ruwan a kan tiyon daga sama zuwa ƙasa. Ya kwance 'yar kusar da ke gefen inji, wadda ake fitar da iska ta nan, ya matsa hannun. Man ya fara fitowa, rawaya, yana ɗiga a rairayi. Ya zuba rabin abin da ya rage a kwalba don ya kore sauran. Rana ta fito. Ya miƙe ya mai da akwatin ƙanƙara inuwar bukka, ya jiƙa buhu ya rufe shi.

Ya zuba sauran man, ya ɗaure kusar, ya matsa. Yanzu hannun ya tafi har ƙarshe babu nauyi, kamar ka matsa auduga. Iska ta shiga tiyo.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ya sa Giɗaɗo a hannun.

"Matsa sau ukku, ka riƙe. Kar ka saki sai na ce."

"Yau bawa ka ba ubangijinai umurni."

"Riƙe!"

Ya buɗe kusar, kumfa ta fito, ya rufe. Suka sake. A karo na huɗu dattijon ya saki da wuri, iskar ta koma. A na bakwai kokon ya bushe, kwalba kuma babu ko ɗigo.

Tahiru ya je ya ɗaga akwatin ya girgiza a kunnensa. Da safe ƙara yake yi kamar tsakuwa. Yanzu akwai motsin ruwa a ciki.

Ya ce a tura moton ya tashi da giya babu ambirayaj. Maza huɗu suka kama. Moton ya fi buhu biyu na gero nauyi, ƙafarsa ta nutse, ya yi tsalle ɗaya ya kwanta a kan ƙafar Tahiru. Suka ɗaga. Suka sake, ya sake kwanciya. Giɗaɗo ya ce a ɗora akwatin a kan takarkari. Tahiru ya dubi rana, ya dubi takarkarin, ya girgiza kai.

Sai ya tuna birkin gaba, shi ma irin man ne a kokonsa. Ya ɗauko sirinjin da bai yi aiki da shi ba, ya zuƙe man birkin kaf, ya zuba wa ambirayaj. Wato zai tafi babu birkin gaba. Wannan karon ya cusa man ta ƙasa da sirinjin, yana turawa a hankali, iskar na fita ta sama. Giɗaɗo ya daina ba'a, ya durƙusa yana riƙe masa tiyo. Idonsa na kan wurin da rawayan man ya jiƙa rairayi.

Hantsi ya wuce kafin hannun ya ɗan yi nauyi. Giya ta shiga da ƙara. Ya tafi ko sallama bai yi ba.

Ya yi kamar kashi biyu cikin uku na hanya. A wani kwari mai rairayi, inda dole ka yi ta matsa hannu, tsohuwar robar ta saki gaba ɗaya, man ya zube a kan takalminsa. Ya jingine moton a gindin aduwa, ya ɗauki akwatin a ka, ya kama gudu da ƙafar da ta kumbura.

Bayan la'asar ya isa. Asta ta tsare shanunta a bakin rijiya tun safe, ba su yi kiwo ba. Ya ajiye akwatin ya buɗe. Kwalaben na yawo a cikin ruwa. Ya sa hannu. Ruwan ya yi ɗumi kamar na alwala.

"Malam, ka zo. Hwara da jar can, ita ka da ciki."

"Inna, maganin ya mutu."

"Ga shi ina gani cikin kwalba."

"Ruwa na yanzu. In na yi musu, za ki sake su cikin masu tari kina cewa sun tsira."

"Yi musu hakanan! Ko kaɗan na, ya hi babu. Don Allah, Malam."

Ta kama bakin rigarsa. Ba wanda zai sani in ya yi. Ya buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya ya zubar a ƙasa, tana kallo. Ya ce ta raba shanunta da rijiyar. Ta ce ina wata rijiyar?

"Mi ya tsai da kai?" ta tambaya.

"Motona, Inna. Tsoho na."

Sai bayan sati uku wani maganin ya zo daga Yamai. Kafin nan goma sha ɗaya sun tafi, har da jar.

A amalanke aka kawo mini moton. Da na kwance ɗan tulun man da ke gefen inji na kai hanci, na ɗago na dubi Tahiru. Ya ba ni labarin a taƙaice, ya ce in wanke da kyau, kuma hancina bai ji kome ba. Na ƙera masa waya a madadin man. Ba ta yi kyau ba, amma ta yi aiki.

Maganar ta bi gari. A kasuwa aka riƙa cewa malamin dabbobi ya zaɓi moton gayu ya kashe shanun gwauruwa. Shugabansa ya kira shi ofis. Sojoji suka tafi, aka yi zaɓe, aka ba ma'aikatar sababbin motoci, aka ba wasu, shi ba a ba shi ba. Ya ci gaba da hawan jan har ya bar aiki. Asta ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba.

Shi da Giɗaɗo suka ci gaba da ba'arsu, rawani, hanci, rowa, babu abin da suka bari. Abu ɗaya ne ban taɓa jin ya shiga bakinsu ba. Kuma ban ƙara jin dattijon ya tambayi ko jan jaki ya ci hatsi ba.

Da damina ta faɗi a shekarar ciwon, an ga Giɗaɗo ya ware shanu goma sha ɗaya daga garkensa, zaɓaɓɓu, ya kora su da kansa zuwa bayan Bonkuku. 'Ya'yansa suka tambaye shi dalili. Ya ce ciyawar can ta fi.

Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya yanzu, shi ya sa na faɗa. Ranar da aka ba Tahiru labarin shanun yana zaune a rumfata. Ya tambayi guda nawa, aka faɗa masa. Ya tashi ya je wajen moton, ya daɗe yana matsa hannun hagu, alhali ba inda za shi.