Dalma a wutsiyar sigina

Cikin ranakun aikina, wadda ba na mantawa ita ce wata Laraba a zangon karatu na biyu, ranar da sufetoci suka zo makarantarmu a Yelwan Yauri. Na yi ritaya daga reluwe, inda na tsufa ina jan sigina a layin Zungeru, na dawo gida aka ɗauke ni aikin wucin-gadi, mai kula da ɗakin koyon sana'a. Aikin nan ke ciyar da gidana, kuma shugaban makaranta ya ce sai bayan ziyarar zai duba ko za a sabunta mini.

Malam Sanusi, malamin fasaha, ya haɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur don nuna wa baƙi: jirgin batir, tashar kwali, har da sigina. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, don yaranmu jirgin ruwa suka sani.

Ga wanda bai sani ba, sigina sanda ce a bakin layi mai hannu a sama. In hannun ya miƙe sambal, direba ya tsaya. In ya sunkuya, hanya ta buɗe. Daga nesa ake sarrafa shi da waya. To, hannun siginar Malam sunkuye yake zama, sai an ja zare ya miƙe. Na ce masa a reluwe akasin haka ne.

Ya yi dariya. "Baba, wanga abin wasa na. Wa za shi mutuwa bisa tebur?"

Amma hali zanen dutse. Da safiyar Larabar na yanko dalma daga tsohon birgin kamun kifin ƙanena, wato ƙarfen da ke nutsar da raga, na ɗaura a wutsiyar hannun, na juya zaren. Yanzu nauyi ke riƙe shi a miƙe, sai an ja ya sunkuya. Da Malam ya gani ransa ya ɓaci, amma motar baƙi ta riga ta shigo.

"In anka samu matsala, kai ka jawo ta," in ji shi.

Ya fara bayani tiryan-tiryan. Ya ja zare, hannu ya sunkuya, jirgi ya wuce. A zagaye na uku zaren ya tsinke, hannu ya koma ya miƙe. Malam da bakinsa ya ce jirgi ba ya wuce miƙaƙƙen hannu, dole ya kashe batir. Shugaban makaranta ya watso mini harara.

Babbar sufeto, wata Hajiya mai tabarau, ta duƙa ta taɓa dalmar. "Wa yas sa wanga?"

"Ni na, ranki shi daɗe."

"Don mi?"

Na ga tunda aikin ya riga ya tafi, gara in faɗi gaskiyata. "Hajiya, waya na tsinkewa. Tsatsa na cin ta, shanu na taka ta. In ta tsinke hannu yaf faɗi, direba ya ga hanya buɗe alhali ba wanda yab buɗe mai. Shi as sa muke rataya nauyi, ta yadda kowace ɓarna tsayawa za ta ce."

Ta juya ga Malam Sanusi. "Kar a ɗaura zaren ga. A kira ɗalibai su gani hakanan."

Aji uku suka shigo bi da bi, Malam da kansa yana cewa, "Baba, sake yi musu bayani." Kafin azahar shugaban makaranta ya sa hannu a takardar sabunta aikina, ko kallon idona bai yi ba, ni kuma ban nemi ya kalla ba.

Abin da nake gaya wa matasan ma'aikata ke nan. Mu mutanen sigina taurin kai gare mu, na yarda. Amma duk abin da aka ba ku, kada ku tsaya ga yadda yake aiki da lafiyarsa, ku tambayi abin da zai gaya wa mutane ranar da ya lalace.